Taswirar Kawu Jatau

Kawu Jatau ya share ƙasa da tafin hannu
a gindin ɗorawa, bayan la'asar,
ya karya karan dawa, ya ja layi.
"Nan teku," in ji shi. "Daga nan har can
ba tudu, ba rumbu, ba mai ce maka sannu."

Mu yaran Miga, iyakar ruwanmu
wanda Ilu ke hayewa a kan gora.
Muka yi dariya. Bai kula mu ba.

Ya ajiye tsakuwa uku.
"Kafin bariki, masunta ne a nan,
suna shanya taru, suna ƙyafe kifi.
Aka tashe su da takarda ɗaya.
Wata tsohuwa ta ƙi,
har na tarar da murhunta a bayan ma'ajiyar makamai,
duwatsu uku, baƙi ƙirin,
ba wanda ya yarda ya taɓa."

Ya ɗora ɓawon gyaɗa a bakin layin.
"Sai Turawa suka kafa gadar ƙarfe.
Gyaɗar kakanninku ta riga ni ganin teku,
a buhu ta je, ba ta dawo ba.
Yaƙi ya zo, aka girke igwa
tana kallon ruwa shekara da shekaru.
Ban taɓa jin ta yi tari ba.
Tsuntsaye suka yi sheƙa a bakinta."

"Tuta fa, Kawu?"

"An sauke wata, an ɗaga wata.
Igiyar dai ita ce, sandar ita ce.
Ni aikina fenti.
Shekara ashirin da shida ina faɗa da tsatsa,
in shafa da safe, gishiri ya lashe da dare.
Kaftin bakwai na yi wa fareti,
duk sun tafi. Tsatsa tana nan."

Akuyar Gwaggo Tabawa ta ratso,
ta taka hasumiyar fitila,
ta cinye jirgin yaƙi.
Kawu ya ce, "Haka ma tarihi yake yi."

Shekarar da kogi ya karya gaɓa
ya shigo mana har cikin ɗaki,
shi ya tsaya a ruwa iya ƙirji
yana ɗaure garewani da wani irin ƙulli
da ba mu taɓa gani ba.
Mutum goma sha tara ya fitar kafin asuba,
da keken ɗinki, da tinkiya mai ciki.
Daga ranar ba wanda ya ƙara dariya.

Da ya rasu, a gwangwanin madara
muka sami maɓalli mai hoton anga,
da takardar fansho da gara ta fara ci.

Ni har yau ban ga teku ba.
Amma in na bi ta gindin ɗorawa
nakan kauce wa wurin layin,
kada in jiƙa ƙafa.