Gara Ta Riga Mu Karatu

A zauren Baba Gwadabe, can cikin Madabo,
akwai akwatin ƙarfe da tsatsa ta cinye wa kunne.
Ranar da muka buɗe shi
sai muka tarar gara ta riga mu karatu.
Ta lashe shafin farko,
ta bar mana wutsiyar sunan wanda ya haƙa rijiyar lungu:
"…du ɗan Tanko."

Audu ne? Sa'idu? Mamudu?
Tawadar ajami ta yi shiru,
Baba Gwadabe kuma ya fi shekara bakwai a ƙasa.

Na ɗauki takalmina zuwa ɗakin Iya Tasallah,
wadda haƙoranta suka tafi, suka bar mata labari.
Ta yi dariya har goro ya ɗiga a zaninta.
"Mamudu ne, mai guntun yatsa.
Ya haƙa ta shekarar da fara ta sauka,
mahaifiyata na goye da ni.
Gaba goma sha ɗaya kafin ya ga laima,
ya fito yana kuka, aka ce ƙasa ce ta shiga idonsa."

Na kunna waya na ajiye kusa da bakinta.
Ta ce, "Wannan abin ba ya mantuwa?"
Na ce yana yi, in ya faɗa ruwa.
Ta ce, "To ashe ɗan'uwana ne. Ɗauko biro."

Sai ta fara zagaya unguwa da ni, tana zaune.
Nan, inda ake sayar da tayil,
kududdufi ne, ya ci awaki biyu da hular wani ango.
Can, inda janareta ke tari,
durumi ne da majema ke shan inuwa,
ƙaurin fata na bin su har masallaci.
Katangar da kake jingina babur
gidan marina ne; ka tona taku ɗaya,
ƙasar har yau shuɗiya ce.

Ɗan yayana Nafi'u ya leƙo, ya taɓe baki:
"Kawu, tarihi ana miya da shi?"
Ban ba shi amsa ba.
Amma ranar da aka zo auna layi za a rushe,
shi ya rugo yana haki:
"Ina littafin nan? A nuna musu tun yaushe muke nan."

Rijiya uku ta yi mini alkawari.
Ta ba ni biyu.
Ta ce in dawo jibi, ta uku sai ta tuna da kyau,
don matar da ta sa aka haƙa ta
ba a son a faɗi sunanta da ganganci.
Jibi ta zo, na tarar da tabarmi a ƙofar gida
da butoci a jere.

Na bar shafin fari fat.
Ban cike shi da ƙarya ba,
ko da yake alƙalami ya so.

Yanzu littafin ya zama uku.
Ɗaya na wurin liman, ɗaya a makarantar firamare,
ɗaya a ƙarƙashin matashina,
cikin leda, da ganyen darbejiya a tsakanin shafuka,
don ni da gara mun san juna.

Ran Asabar nakan zauna a bakin famfo,
daidai inda Mamudu ya fito yana kuka,
in karanta wa yara masu jiran layin jarka.
Jiya wata yarinya, Uwale, da ɗankwali a karkace,
ta katse ni: "Ba haka ba ne.
Kakata ta ce awaki uku kududdufin ya ci,
kuma hular ba ta ango ba ce, ta mai unguwa ce."

Na dube ta.
Ruwa na ta zuba, jarkarta ta cika tana ambaliya.

Na ce, "Kakar taki tana nan da rai?"
Ta ce tana nan, tana tsinke zogale.
Na miƙa mata biron,
na ce, "Wuce gaba, nuna mini gidan."