Labaran Ƙarfe Bakwai

Bakwai saura minti biyar
edita ya miƙo min takarda,
tawadarta ko bushewa ba ta yi ba.
Ya ce, "Sa ta a sama, kafin farashin gero."

Sunan Malam Sada ne.
Shi ya riƙe hannuna a firamaren Rafindadi
har na iya lanƙwasa kan ƙ.
Wai ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse,
wai majiya mai tushe ta tabbatar.

Na san majiyar.
Da la'asar ta zo, cikin mota mai baƙin gilashi,
ta ajiye ambulan, ta ce mu sha ruwa.

Jar fitila ta kama.
Na yi sallama, na karanta tsaf,
ko tuntuɓe ɗaya babu.
Ai shi ya koya min karatu.

Kafin isha'i magana ta kai Ƙofar Guga,
mai shayi ya ƙara mata sukari,
'yan acaɓa suka goya ta har Sabuwar Unguwa.
A wayar ƙanwata, rijiya ɗaya ta zama bakwai.

An yi zaɓe, an share rumfuna.
Gyaranmu layi biyu ne,
tsakar dare, bayan tallan maganin basir.

Jiya na gan shi a Ƙofar Marusa
yana tura keke, taya ta sace.
Ya ce, "Badamasi, muryarka ta nuna.
Amma ka riƙa tsayawa a waƙafi."

Shinkafar ambulan tana nan, rabin buhu.
Yara suna ci.
Ni a wuya take tsaya min.