Gashin Tsuntsu

A garejin Torunn, can Tromsø,
inda rana ta yi yaji tun Nuwamba,
keke na gudu, bai gusa ko taku ba.
Fanka a gaba, tawul a wuya,
dusar ƙanƙara ta toshe rabin taga.

A allo, tsauni. Mutum arba'in,
kowa na gumi a ɗakinsa.
Wasan ya ba ta kyauta ɗaya tak:
gashin tsuntsu, mai rage nauyi
na daƙiƙa goma sha biyar.

Wani Evaristo daga Mendoza
ya danna nasa tun a gindin dutse,
ya tashi kamar an harba shi.
Yatsanta ya yi ƙaiƙayi.
Ta ce masa, tukuna.

Shekara ashirin tana ungozoma.
Ta san sa'ar cewa yunƙura,
ta san sa'ar cewa numfasa.

Kwanar ƙarshe, hanya ta miƙe tsaye,
cinyoyi sun fara roƙon arziki,
ga Evaristo na dawowa da nauyinsa duka.
Nan ta danna.

Ta zo ta huɗu.
Ta sauko, gwiwa na rawa,
ta kashe fanka,
sai ta ji kare na karce ƙofa,
abincinsa ya makara.