Jini a Aljihun Mantau

Shekara bakwai ina ɗaukar jinin mutane
daga likitar Gabi zuwa Maraɗi,
a bayan moto, cikin kula mai shuɗin murfi,
da ƙanƙarar da nake saye wajen mai lemo.
Ni da rana muke tsere.
Ita ba ta shan mai, ba ta tsayawa faci.

Na san muryar ƙanƙara in ta fara sarewa:
da fari ƙwas-ƙwas, kamar tsakuwa a gwangwani,
kafin Madarunfa ta koma calap-calap,
in na shigo Ali Ɗan Sofo, ruwa ne zalla.
Malama Tsahara ta ɗaga kwalba ga haske,
ta girgiza kai, ba ta ce uffan ba.
Wata rana in iso lafiya, kuran ya ɗauke da dare,
firigo ya yi ta zufa har asuba,
wahalar kwana biyu ta ƙare a kwandon shara.

Akwai wani yaro, Na-Allah, bai kai yaye ba.
Sau uku aka koma wa hannunsa da allura.
A na ukun uwarsa Kuluwa ta tare ni bakin ƙofa:
"Mantau, wai jinin nawa ne a jikinsa?
Ko sayarwa kuke yi a birni?"
Na duƙa ina duba tayar da ba abin da ya same ta.

Bana aka kawo wani abu na gwaji.
Takarda ce, ba ta fi tafin jariri ba,
da ruwa iri biyu a ƴan kwalabe.
A ɗiga jini, a ɗiga wannan, a ɗiga wancan,
a bar shi a tebur ya sha iska.
Na ce, "To ina sanyin?"
Ta ce babu. Nano ta kira shi:
ƙwayoyin da sai ka tsaga gashin kai gida dubu
sannan ka kusa ƙanƙantarsu.
Su kewaye abin da ake nema cikin jinin,
su gina masa ɗaki daidai jikinsa,
ba wurin juyi, balle ya warware,
zafi ya zo ya iske ƙofa a liƙe.
In an isa, a narkar da ginin,
ya fito kamar ɗazu aka ɗebe shi.

Sai na tuna kakata Laure
tana cuɗa irin wake da toka a tulu,
ta yaɓe bakin da laka har damina,
tana cewa ƙwaro ba ya ɓarna inda bai da wurin motsi.
Na ce, "Malama, ashe toka ce ta yi lakwal."

Ran Talata sama ta zube, gulbi ya kawo,
hanya ta yanke.
Kwana biyu na yi a rumfar wani mai shayi,
takarda goma sha ɗaya cikin leda, a aljihun gaba,
zafin ƙirjina yana dukan su.
Cikin dare nakan kai hannu in taɓa,
don ban gama yarda ba.
Mutum goma sha ɗaya,
ba su kai nauyin goro guda ba.

Alhamis na miƙa. Ta daɗe a ciki.
Ta fito tana zare safar hannu:
"Duk sun yi. Biyu za su wuce Yamai,
a ambulan, cikin motar gobe."

Kular tana gida, matata ta zuba mata kuɓewa busasshiya.
Mai lemo ya aiko a tambaya ko mun yi faɗa.

Kuluwa kuwa, na hango ta ran kasuwa,
yaron yana gudu gabanta, takalmi ƙafa ɗaya.
Na so in tsaya in ba ta labarin ƴan ɗakunan nan,
amma ta ina zan fara?
Na rage gudu, na ɗaga hannu.
Ta dube ni jim kaɗan,
sannan ta ɗaga rabin nata.