Kuɗin Fito

Jatau maƙeri ne ya huda shi,
ya zura masa sarƙar azurfa.
Tsohon kwabon Girka, in ji mijina.
Mujiya ce a jiki, ido waje.

Iya ta gani, ta ce, "A'uzubillahi,
tsuntsuwar da ke kiran likkafani?"
Na ce a can ita ce mai hikima,
tana gani inda kowa ke lalube.

Ban gaya mata sauran ba:
wai irinsa ake sa wa mamaci a baki,
ladan mai fiton kogin ƙarshe.

Yau a mashigar Kabala kogi ya kawo,
mai kwalekwale ya miƙo hannu.
Na dafe wuyana.
Na ba shi ɗari biyu ta takarda.