Ɗinkin Ciki

Ruwaida ce ta ja ni, jikata,
daga Hindawiya har arewacin Jidda,
riyal ɗari da ashirin kowane kai.
Na ce mata kuɗin yadi huɗu ke nan, mai kyau.
Ta ce, "Jaddi, yau dai bar awo a gida."

Na bar magwaji, amma ido ya biyo ni.

Ƙofa ta buɗe da kanta, sanyi ya mare mu.
Ga birnin da take ba ni labari tun tana aji uku,
wanda ke rataye a gajimare da sarƙoƙi,
ashe duk faɗinsa bai kai dardumar sallata ba.
Hasumiyoyi kamar 'ya'yan kuɓewa,
kowace taga an ɗiga mata fenti da tsinin allura.
Na sunkuya. Wani ya yi watanni a duƙe kan wannan,
bayansa ya yi ciwo. Na san irin ciwon.

Saurayin da ke zagayawa da mu, Mish'al,
Larabcinsa na gudu kamar keken ɗinki mai lantarki,
ya nuna wani bango kore shar, fayau,
ya ce nan ne teku, nan aka yi yaƙin ƙarshe,
nan jarumar ta faɗo daga bayan tsuntsu.
Na duba: katifa ce a ƙasa, da fanka biyu.
Guguwar da ta sa Ruwaida kuka a ɗakina
fanka ce irin ta shagona, har da ƙura a fiffike.

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.
"Na sani, Jaddi," ta ce. "Kowa ya sani."
Ta hau tsuntsun katako, aka kunna iska,
mayafinta ya tashi,
a allo kuwa ga ta can sama da duwatsu.
Duwatsun ƙarya ne. Ihun nata na gaske.

Dodon yana kusurwa, baki a wangale,
haƙoran roba, harshen soso,
waya ta leƙo ta bayan kunnensa.
Yara na layin hoto. Wani ɗan mitsitsi ya ƙi matsawa,
ya damƙe abayar uwarsa da hannu biyu.
Shi kaɗai ya mori kuɗin tikitinsa.

Sai ɗakin tufafi.
Nan ƙafata ta tsaya.

Alkyabbar tsohon sarkin birnin, cikin gilashi,
baƙa, da zaren azurfa a wuya,
an ɗan naɗe gefenta don a ga shafi.
Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinka wa mutane jallabiya.
Na sa tabarau, na manna goshi.
Ɗinkin hannu ne, ƙanana, a jere kamar tururuwa,
sai can ƙasa, wajen taƙi ɗaya,
suka karkace, suka yi faɗi,
zaren ma ya ɗan sauya launi.
Dare ne ya yi wa mai shi. Zare ya ƙare, gobe za a ɗauka,
ya ce a ransa: kyamara ba ta zuwa nan.
Ni ma na taɓa faɗin irinta,
jajiberin sallah, a kan rigar wani alƙali.

Babu sunansa a takardar da ke jiki.
Sunan wanda ya sa rigar ne kawai.

Mish'al ya ce, "Ya ammi, a ci gaba."
Ruwaida ta dawo da takobin roba na riyal sittin,
ta ce, "Me ka gani?"
Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo.
"Kuskure ne?"
Na ce, "Gajiya ce."

A mota, fitilun Titin Madina na wucewa,
ta yi barci, takobin a cinya.
Bakin abayarta ya warware kaɗan, can ƙasa.
Na riƙe wurin da yatsa biyu har gida.