Ƙofa Biyu a Baki Ɗaya

Na sauka Jasikan da jaka da harshen birni,
na hau wata mota mai tari zuwa Bodada,
inda kaka Dansowa ke shanyar koko
tana juya shi da tafin hannu.

Na gaishe ta da guntun Lelemin da ya rage min.
Hannunta ya tsaya.
"Obenewa, a kwance kika yi gaisuwar nan.
Kalmar tana da tudu, tana da gangara,
kin baje ta kamar titin Akra.
In murya ta zame taki ɗaya,
sai ki nemi gishiri a miƙo miki wani abu daban."

Kwana uku muna kan sauti guda.
Ta ce in rufe leɓe, in rufe can ƙuryar maƙoshi,
ƙofa biyu a lokaci ɗaya,
in sake su tare, kada wata ta riga wata.
Ni kuwa sai in ce ka, sannan in ce pa,
baƙi biyu suna jiran juna a zaure.
Yaran maƙwabta suka yi dariya har da riƙe ciki.

Haƙoranta huɗu suka rage.
Sautin bai nemi ko ɗaya ba.

Na ɗauko waya zan naɗi muryarta,
ta ture ta da bayan cokali:
"Abin nan yana da leɓe? Yana da hanci?
To ina zai ajiye wasalin da ke bi ta hanci?"

Ran Alhamis muka hau gona bayan ruwa,
laka har idon sawu, tururuwa a wuyan riga.
Ta ba ni kulki da ƙwallon koko mai ruwan ɗorawa.
Na buga. Ya tsage.
Kpa!
Bakina ya maimaita, ban aike shi ba.

Kaka ba ta juyo ba.
Ta ci gaba da yaɗe farin 'ya'ya cikin kwando,
sai dai kafaɗarta ta motsa kaɗan.
"Sake," ta ce.

Na sake. Dutse ya mayar min da shi,
da tudunsa, da gangararsa.
"Saura wasula," in ji ta,
"su ba sa zama da wanda ba danginsu ba.
Ɗauki kwandon, hadari na dawowa."